Me Ɗalibin Ƙasar Hausa Zai Karanta a Kan Sauyin Yanayi? Hujjar Gina Jerin Littattafai a Kan Muhawarar Sahel

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin littattafan da aka saba ba wa mai son fahimtar sauyin yanayi shawarar ya karanta, ta kuma nuna cewa an tsara su ne domin mai karatu na Turai da Amurka. Ɗalibin da ke Kano ko Maraɗi yana buƙatar wani jeri dabam: kaɗan daga tushen kimiyya, sannan dogon zama a kan binciken da aka yi a gonakin Sahel, musamman inda masana suka yi saɓani kuma hujja ta raba gardama. An kafa hujja da tarihin batun kwararowar hamada, da yunwar ƙarni na 20, da farfaɗowar itatuwa a Nijar, da Tafkin Chadi, sannan aka amsa suka uku.

Jerin da aka saba bayarwa

Duk wanda ya nemi a ba shi sunayen littattafai a kan muhalli da sauyin yanayi, a jami'a ne ko a intanet, kusan jeri ɗaya zai samu. Za a fara masa da Silent Spring na Rachel Carson, wanda ya fito a 1962 ya tona illar magungunan ƙwari irin su DDT. Za a bi da Merchants of Doubt na Naomi Oreskes da Erik Conway na 2010, da The Sixth Extinction na Elizabeth Kolbert da This Changes Everything na Naomi Klein, duka na 2014, a rufe da The Uninhabitable Earth na David Wallace-Wells na 2019. Littattafai ne masu daraja, kuma babu wanda zai yi asarar lokacinsa idan ya karanta su. Amma kowannensu yana da wanda yake yi wa magana: ɗan ƙasar da ta ƙona gawayin kwal da man fetur shekara ɗari da ɗoriya, wanda har yanzu wasu 'yan siyasarsa ke musun cewa duniya na ɗumama. Aikin waɗannan littattafai shi ne su gamsar da mai shakka, su tsorata mai sakaci. Manomin Gumel ko na Tasawa ba ya cikin masu shakka. Ya ga damina tana sauka a makare, ya ga ruwan wata guda ya zuba a dare ɗaya. Haɗarin da ke gaban ɗalibin da ya fito daga gidan wannan manomi shi ne ya karɓi bayanin da aka riga aka dafa masa: hamada na gurgusowa kowace shekara, talaka ne ya sare itace ya jawo fari, Tafkin Chadi ya kusa ƙafewa, kuma duk rikicin manoma da makiyaya daga nan ya taso. Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma kowace an gina manufofin gwamnati a kanta waɗanda suka cutar da mutanen karkara.

Abin da nake son in kafa a nan shi ne cewa jerin karatu hujja ce da kanta, domin abin da aka sa a gaba da abin da aka bari a baya su ne ke gina tunanin ɗalibi. Jerin da ya dace da mu shi ne wanda zai koya masa rarrabe abin da ɗumamar duniya ta haddasa, da abin da sauyawar damina ta asali ta haddasa, da abin da mulki da kasuwa suka haddasa. Ba a koyon wannan rarrabewa daga littafin da ya zo da amsa guda. Ana koyon ta ne daga karanta masana biyu da suka kalli gona ɗaya suka faɗi abu biyu.

Tushen kimiyya

Wannan ɓangare bai kamata ya ci lokaci mai yawa ba, domin a nan saɓani ya ƙare. Littafi ɗaya ya isa a fara da shi, The Discovery of Global Warming na Spencer Weart, wanda ya fara fitowa a 2003. Yana bin labarin tun daga John Tyndall, wanda a 1859 ya auna yadda wasu iskoki ke riƙe zafi, da Svante Arrhenius, wanda a 1896 ya lissafa abin da zai faru idan iskar kabon ta ninka, har zuwa Charles Keeling, wanda ya fara awon iskar kabon a dutsen Mauna Loa a 1958 ya samu kusan kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu adadin yana wajen 280, yau ya haura 420. Daga nan sai ɗalibi ya ɗauki taƙaitaccen bayani na rahoto na shida na kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda ya tabbatar a 2021 cewa zafin duniya tsakanin 2011 da 2020 ya fi na 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas, kuma aikin ɗan'adam ne sanadi. Sai babi na 9 na kundi na biyu, na 2022, wanda aka keɓe wa Afirka. Wanda ya karanta waɗannan uku da natsuwa ya samu abin da zai tsaya a kai.

Hamadar da aka ce tana tafiya

Inda ya kamata a daɗe shi ne nan. A 1935 wani farfesan ilimin gandun daji daga Edinbara, E. P. Stebbing, ya wallafa maƙala a mujallar Geographical Journal yana gargaɗin cewa Sahara na cinye arewacin Nijeriya, kuma noma da kiwo da ƙunar daji na mutanen ƙasa ne ke buɗe mata hanya. Ya zaga yankin ne da rani, lokacin da ko ƙasa mafi albarka take zama fayau. Maganarsa ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka har Ingila da Faransa suka kafa hukumar haɗin gwiwa wadda ta bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Hukumar ta dawo ta ce ba ta ga wata alamar hamada na mamaye ƙasa gaba ɗaya ba, sai lalacewa a wurare ƙididdigaggu. Da hujja kaɗai ke yanke hukunci, da maganar ta mutu a nan. Amma ta kwanta ne kawai, ta tashi da ƙarfi bayan farin 1968 zuwa 1974. A 1975 Hugh Lamprey ya rubuta rahoto cewa hamada a Sudan ta matso kudu da kusan kilomita 5.5 a kowace shekara, kuma a wannan shekarar Jule Charney ya kawo hasashen cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, hasken rana zai riƙa komawa sama, iska ta daina tashi, hadari ya daina haɗuwa. Wato makiyayi da kansa ne ke kore ruwan sama. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya ɗauki wannan fahimta ya mai da ita manufar duniya.

Ɗalibi ya karanta waɗannan da idonsa, kada a ba shi labarinsu kawai, sannan ya karanta abin da ya rushe su. A 1986 Folland da Palmer da Parker suka nuna a mujallar Nature cewa damunan Sahel suna tafiya ne tare da bambancin zafin tekunan arewa da na kudancin duniya. A 1991 Tucker da Dregne da Newcomb suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na 1980 zuwa 1990 suka nuna cewa bakin Sahara yana matsowa kudu a shekarar fari, yana komawa arewa a shekarar ruwa, wani lokaci da fiye da kilomita ɗari a tsakanin shekara da shekara. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa idan aka ba wa na'urar lissafin yanayi tarihin zafin teku kaɗai, ba tare da an gaya mata komai game da saran itace ko kiwo ba, tana iya fitar da fasalin farin Sahel na shekarun 1970 da 1980. Rahoton IPCC na 2021 ya ƙara da cewa ƙurar hayaƙin masana'antun arewacin duniya tana cikin abin da ya rage ruwan damina daga shekarun 1950 zuwa 1980, kuma raguwar wannan ƙura a Turai da Amurka ta Arewa tana cikin abin da ya sa ruwan Afirka ta Yamma ya ƙaru bayan haka. A nan ne nauyin maganar yake. Shekara da shekaru ana ɗora wa Bafulatani da garkensa da Bahaushe da gatarinsa laifin farin da babban sanadinsa yana cikin teku da bututun masana'antar wata nahiya. Da sunan wannan laifi aka tsaurara dokokin daji, aka ci mutane tara saboda sun sare reshe a gonar gado. Kundin da Melissa Leach da Robin Mearns suka shirya a 1996, The Lie of the Land, musamman babin Jeremy Swift, ya bayyana dalilin da ya sa labarin ya ƙi mutuwa: yana yi wa hukumomi da masu ba da agaji amfani, domin yana ba su hujjar karɓe iko da ƙasa daga hannun masu ita. Wanda Roy Behnke da Michael Mortimore suka shirya a 2016, The End of Desertification?, shi ya tattara muhawarar zuwa wannan zamani.

Watts da Mortimore

Idan aka ce in zaɓi littattafai biyu kacal, zan zaɓi Silent Violence na Michael Watts, na 1983, da Adapting to Drought na Michael Mortimore, na 1989, kuma zan ce a karanta su a zango ɗaya. Watts ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina, ya kuma bi takardun mulkin mallaka, yana tambayar abin da ke mai da fari ya zama yunwa. Amsarsa ita ce ƙarancin ruwa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma al'umma ta daɗe da tanadar masa rumbu, da gandu, da zakka, da taimakon dangi da na masu sarauta. Abin da ya canza bayan zuwan mulkin mallaka a 1903 shi ne haraji ya koma na kuɗi kuma ba ya sassauci a shekarar fari, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya buɗe kasuwar gyaɗa, talaka ya shiga sayar da hatsinsa da kaka da araha don ya biya haraji, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara, sau da yawa da bashi. Ta wannan hanya yake karanta yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da ta 1927, da ta 1942, har zuwa ta farkon shekarun 1970. Wanda ya haɗa shi da littafin Amartya Sen na 1981, Poverty and Famines, da na masanin tarihin Nijar Boureima Alpha Gado na 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel, zai gane cewa mutum na iya mutuwa da yunwa alhali kasuwar garinsu cike take da hatsi. Mutanen Nijar sun san wannan a jikinsu a 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya.

Mortimore ya kalli ƙasar nan ta wata fuska. Ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano fiye da shekara ashirin, kuma ya riƙa komawa ƙauyen Dagaceri, a jihar Jigawa ta yanzu, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, yana rubuta abin da gidaje ke yi idan damina ta gaza. Abin da ya gani shi ne mutane masu dabara: haɗa iri mai saurin nuna da mai jinkiri, sake shuka sau biyu ko uku, raba gonaki tsakanin jigawa da fadama, ajiye ƙananan dabbobi a matsayin jari, saƙar tabarma da igiya, cin ganyayen daji, tafiya cin rani. A kewayen birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso ƙwarai kuma ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ka'idar da ake koyarwa a lokacin ta ce dole ƙasa ta mutu, itatuwa su ƙare. Binciken da shi da Reginald Cline-Cole da wasu suka fitar a 1990 da sunan Wood Fuel in Kano ya samu cewa manoman kewayen birni suna riƙe da itatuwan gonakinsu, kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo, domin itacen na da mai shi kuma yana da daraja. Takin gari da ake kaiwa gona a kan jakuna, da harawar wake da ake ba dabbobi su mayar da ita taki, su suka riƙe ƙarfin ƙasar. Working the Sahel, wanda ya rubuta da William Adams a 1999, ya faɗaɗa wannan zuwa ƙauyuka huɗu daga Tumbau kusa da Kano har zuwa Futchimiram a Yobe.

Ana yawan gabatar da waɗannan biyu a matsayin abokan hamayya, mai ganin duhu da mai ganin haske. Ni ina ganin kowannensu ya riƙe abin da ɗayan ya sassauta. Mortimore ya nuna dabarar tana nan, Watts ya nuna ba kowa ke da halin yin ta ba, domin wanda ya jinginar da gonarsa ba shi da jigawa da fadamar da zai raba shuka a tsakaninsu. Ɗalibin da ya karanta Mortimore kaɗai zai iya ɗauka cewa manomi ba ya buƙatar komai sai a ƙyale shi. Wanda ya karanta Watts kaɗai zai iya ɗauka cewa manomi ba shi da abin yi sai jiran ceto. Littafin Polly Hill na 1972, Rural Hausa, wanda ta rubuta a kan Batagarawa, yana taimakawa a tsakani, domin ya nuna da ƙididdiga yadda tazara take tsakanin gida da gida a ƙauye ɗaya.

Maraɗi da Tafkin Chadi

Gwaji mafi girma na wannan muhawara ya faru ne a kudancin Nijar, kuma abin takaici ne yadda ɗaliban Nijeriya da yawa ba su san shi ba alhali da Hausa aka yi shi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa yawancin dashen da ake yi mutuwa yake, amma ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwa masu rai, masu saiwa mai zurfi. Idan aka zaɓi toho ɗaya ko biyu aka bari, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru itace ya tashi. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Ya bazu daga gona zuwa gona, musamman bayan malaman daji sun sassauta kuma manomi ya tabbatar cewa itacen da ya raina nasa ne. Rahoton Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale na 2009 ya ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, kuma masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou da Abasse Tougiani sun rubuta yadda abin ya gudana a Magarya da Matamaye da Mirya da Aguié. A ajiye wannan kusa da rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da kwararowar hamada ta fitar a 2020 a kan shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Rahoton ya nuna an farfaɗo da kusan hekta miliyan 4 a ainihin yankin shirin, daga cikin miliyan 100 da aka sa a gaba. Ɗalibi ya kwatanta kuɗin da aka kashe a nan da can, ya yanke wa kansa hukunci.

Tafkin Chadi kuwa darasi ne a kan yadda adadi ɗaya ke yawo a bakin shugabanni har ya zama kamar ba a taɓa shi. Gaskiya ne tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kuma ya ragu zuwa ƙasa da 2,000 na buɗaɗɗen ruwa a shekarun 1980. Daga nan aka samo maganar cewa tafkin ya ragu da kashi 90 cikin ɗari. Amma shekarun 1960 lokaci ne na ruwa mai yawa fiye da yadda aka saba, kuma Jean Tilho ya tarar da tafkin a ƙanƙance tun a farkon ƙarni na 20. Tafki ne marar zurfi wanda ke faɗi da tsukewa gwargwadon abin da kogin Shari da Logon suka kawo. Maƙalar Géraud Magrin ta 2016 da binciken Binh Pham-Duc da abokansa na 2020 sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba, kuma idan aka lissafa ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi ya fi abin da ido ke gani nesa ba kusa ba. Rahoton Shoring Up Stability na 2019 ya ce abin da ke wahalar da masunta da manoman bakin tafki shi ne rashin sanin inda ruwa zai tsaya bana, haɗe da yaƙi da hana zirga-zirga. Bambancin yana da tsada, domin wanda ya yarda tafkin na mutuwa zai nemi biliyoyin daloli a jawo ruwa daga kogin Kwango, wanda kuwa ya gane juyawa yake zai nemi a buɗe wa mutane hanyar bin ruwan. Haka littafin Hollis da Adams da Aminu-Kano na 1993 a kan fadamun Haɗeja da Nguru ya nuna cewa madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suna da babban hannu a ƙafewar fadamar da ake jingina wa fari.

Suka uku

Suka ta farko ita ce mafi nauyi: irin wannan jeri zai iya koya wa ɗalibi shakkar sauyin yanayin kansa, ya ce tunda an yi kuskure a kan hamada da tafki, wataƙila duka maganar ƙarya ce. Amsata ita ce masanan da suka gyara waɗancan kurakurai su ne kuma suka kawo hujja mafi ƙarfi a kan illar ɗumama a Sahel, kuma dole ayyukansu su shiga jerin. A 2017 Christopher Taylor da abokansa suka nuna a Nature cewa manyan guguwowin ruwa mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma suka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. A 2019 Benjamin Sultan da abokansa suka ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumama ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, na dawa da kashi 5 zuwa 15. Ƙungiyar World Weather Attribution ta samu cewa ruwan da ya haddasa ambaliyar 2022 a yankin Tafkin Chadi, shekarar da fiye da mutum 600 suka rasu a Nijeriya, sauyin yanayi ya ninka yiwuwarsa kusan sau 80. Ta kuma ce zafin watan Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba. Hoton da ke fitowa ya fi na hamada mai tafiya tayar da hankali, kuma ya fi shi amfani ga mai tsara manufa: zafi mai kisa, da damina mai zuwa da ƙarfi a taƙaice tana barin dogon tsaiko a tsakani. Wanda aka koya wa jiran rairayi ba zai gyara magudanar ruwa ba. Fashewar madatsar Alau da ta nutsar da Maiduguri a Satumban 2024 tambaya ce da ɗalibin da ya bi wannan jeri zai iya yi wa adalci, ya ware rabon ruwan sama daga rabon rashin kula da madatsa, ba tare da ya bar ɗaya ya wanke ɗaya ba. Kuma ban ce ƙasa ba ta lalacewa ba. Tudun rairayi na binne gonaki da dausayi a Yusufari da Gure, kuma binciken Patrick Gonzalez a Senigal, da na Stefanie Herrmann da Gray Tappan, sun nuna cewa wuri na iya yin kore a hoton tauraro alhali nau'o'in itatuwa masu amfani sun ragu, ƙananan tsirrai masu jure fari sun maye gurbinsu. Waɗannan ma a karanta su, kusa da na Reij.

Suka ta biyu ita ce littattafan sun tsufa, kuma yawancin marubutansu baƙi ne. Tsufan gaskiya ne. Dagacerin da Mortimore ya sani ba ta san wayar hannu ba, kuma dabarun da ya yaba, kamar cin rani da noma gonar nesa da bin burtali da dabbobi, su ne ta'addancin 'yan bindiga ya datse a Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin Maraɗi. Amma wannan dalili ne na komawa waɗancan ƙauyuka a sake awo, kuma ba a sake awo sai an san awon farko. Maganar baƙi kuwa tana da tushe da ya wuce son rai. Babin Afirka na rahoton IPCC ya kawo cewa daga 1990 zuwa 2019 kashi 3.8 cikin ɗari kacal na kuɗin binciken yanayi na duniya aka kashe a kan Afirka, kuma daga wannan ɗan kaso, kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Amurka ta Arewa, kashi 14.5 ne ya zo cibiyoyin Afirka. Duk da haka akwai na gida da ya kamata a sa da gangan: ayyukan Emmanuel Oladipo a kan fari a arewacin Nijeriya, da na E. A. Olofin a kan madatsun Kano, da na Yamba Boubacar na Jami'ar Abdou Moumouni, da rahotannin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974. Ga mai neman muryar gwagwarmaya, Unbowed na Wangari Maathai na 2006 da A Bigger Picture na Vanessa Nakate na 2021 sun fi kusa da ɗalibinmu fiye da na Klein. Ga mai neman mahangar addini, akwai sanarwar malaman Musulunci kan sauyin yanayi da aka fitar a Istanbul a 2015, da kundin Al-Mizan na 2024.

Suka ta uku ba ni da cikakkiyar amsarta, domin gyaranta aiki ne da ke kanmu. Kusan duk abin da na ambata da Ingilishi yake ko Faransanci, wasu kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ɗakin karatun jami'a, balle aljihun ɗalibi. Rahotannin IPCC da na World Weather Attribution kyauta ne a intanet, haka littafin Weart yana da faɗaɗɗen shafi na kyauta, kuma hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen daminar shekara har da fassarar Hausa. Amma malamin gona, da limamin da zai yi huɗuba a kan ambaliya, da mai gabatar da shirin noma a rediyo, su ne ke kai magana ga manomi, kuma babu littafin Watts ko na Mortimore a harshen mutanen Kaita da Dagaceri waɗanda rayuwarsu ce ke cikinsa. Bangon da ke tsakanin Ingilishi da Faransanci ma ya raba Katsina da Maraɗi a fagen ilimi, garuruwan da tazararsu ba ta kai tafiyar rabin yini a mota ba, kuma Hausa ce kaɗai harshen da ɗaliban ɓangarorin biyu ke iya karanta juna da shi. Saboda haka shawarata ga sassan nazarin ƙasa da na harsunan Nijeriya a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, tare da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Damagaram, ita ce su haɗa hannu su fitar da kundi guda na Hausa mai ɗauke da zaɓaɓɓun babuka: taƙaitaccen bayanin babin Afirka na IPCC, babin Watts a kan yunwar 1913 zuwa 1914, babin Mortimore a kan dabarun gidaje, rahoton sassabin zamani, da maƙalar Magrin a kan tafki. A nemi izinin mawallafa, a sa masanin fannin da masanin harshe su zauna a kan kowane babi tare, kuma kafin a buga a karanta wa manoma da makiyayan wuraren da aka yi binciken, a rubuta gyaran da suka yi a ƙasan shafi.